An Rage wa Tsoho Ƙarfi

Bur Sa'id, Asabar

Yaya Hazim,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zafin ɗakin inji? Ina fata tarin nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ka, sukarinsa ya zauna, allura ma yanzu ba ya yi mini gardama sosai. Inna Afaf ta ƙasanmu ta ce in tambaye ka ko a jirgin ruwan naku ana ba ku abinci, wai hoton da ka turo duk wuya ne.

Ka zauna da kyau kafin ka karanta wannan. Na haye gasar share fage ta Hasumiya, wasan katin nan namu na waya. Ina cikin mutum goma sha shida da za su kara a Alƙahira ƙarshen wata, huɗun farko kuma su za su tafi Amman. Da asusun wasan da ka bar mini na yi, wanda ka mayar da sunana ranar da za ka tafi. Sharaɗinsu shi ne kowa ya miƙa daminsa na kati talatin kafin ranar gasa, daga nan a kulle, babu cirewa babu sakawa.

Ga inda matsalar take. Kamfanin da ke da wasan sun yi gyara a makon nan, kuma katinmu suka taɓa, Tsohon Hasumiya, wanda duk damin ke jingine da shi. Sun rage masa rai, sun ƙara masa tsada.

Tsoho ya raunana ƙwarai, Yaya. Tun ranar Talata ba ya iya tsayawa, da an taɓa shi sai ya faɗi. Na yi duk dabarar da na sani, na sauka kantin magani na kira Mina ya duba, ya ce babu abin da za a iya yi, sai dai mu haƙura da shi. Ni ban san yadda zan yi ba tare da shi ba, ga lokaci yana ƙurewa.

Ka ba ni shawara da sauri. Kai ka gina damin nan, kai ka san inda za a tokare shi.

Ƙanwarka,
Nihal

Cikin teku, bayan Kolambo

Nihal,

Sallama. Lafiyata lau, bar wannan zancen. Me ya samu Baba?

Na'urar jirginmu yanka saƙo take yi gunduwa-gunduwa in ya yi tsawo, kuma gunduwa ɗaya kawai ta iso mini. Ga abin da na gani: Tsoho ya raunana, ba ya iya tsayawa, da an taɓa shi sai ya faɗi, Mina ya ce sai dai mu haƙura. Wane ne Mina da zai yanke wannan hukunci? Mai sayar da magani ne, ba likita ba! Ki kai shi asibiti yau, kar ki jira kowa. Shanyewar jiki ce? Yana magana? Yana gane ki?

Wayar tauraron ɗan Adam ta jirgin ta lalace tun da muka baro tasha, babu yadda zan kira. Na bar inji a hannun mataimakina na hau wurin kyaftin da mai a hannuna. Ya ce, "Ka tabbata? In na rubuta wa kamfani ba a janyewa." Na ce ya rubuta. Zan sauka a Mombasa, su nemo wanda zai canje ni.

Na kasa zama, na kasa ci. Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Hazim

Bur Sa'id, Laraba

Yaya,

Baba lafiyarsa ƙalau! Yanzu haka yana baranda yana musun ƙwallo da mai gyaran keke na ƙasanmu, muryarsa har bakin titi. Tsohon kati nake nufi, Tsohon Hasumiya, ba tsohonmu ba. Kar ka sauka. Ka koma wurin kyaftin yanzu ka ce kuskure ne.

Da na karanta saƙonka sai da na yi dariya har na riƙe ciki, daga baya kuma na tuna ka ce za ka sauka. Na gajarta wannan don kar na'urar taku ta yanka shi. Kar ka sauka, don Allah.

Nihal

Bur Sa'id, Lahadi

Yaya Hazim,

Barka da aiki. Muna lafiya, Baba ma haka, ina sake maimaitawa: lafiyarsa ƙalau. Shiru har yau daga wurinka. Ina duba waya a kicin, ina dubawa a kan jirgin fito in zan haye Bur Fu'ad karɓo maganinsa, har wata mata ta ce mini, "'Yata, in saurayi ne ki rabu da shi, ba zai kira ba." Ban gaya wa Baba komai ba. Ya lura dai, ya ce me ya sa nake zagaye gida kamar kazar da za ta yi ƙwai.

Tun da ba ka nan, ga inda na kai da damin. Ni da Mina da Basant, 'yar ajinmu da ke koyarwa yanzu, muna haɗuwa a bayan kanti da la'asar muna gwaji. Kusan kowa a gasar zai zo da Karnukan Rairayi, ƙananan katunan nan masu arha da ke cika fili tun zagayen farko. Salonka na haƙuri, a toshe hanya a jira Tsoho ya fito ya gama aiki, ba ya kai labari yanzu. Kafin ya fito an cinye ni. Mina ya doke ni da karnuka yana auna wa wata mata maganin tari da ɗaya hannun.

Sai na rushe komai na faro daga ƙasa. Na zuba masu gadi masu arha da yawa don in tsira a farko. Na bar Ambaliya guda biyu, katin da ke share fili gaba ɗaya. A tsakiya kuma ina son 'Yar Maƙera, sabon kati ne da ba ka sani ba, duk zagayen da ta rayu sai ta ƙara wa na kusa da ita ƙarfi. Basant ta ara mini asusunta na gwada, wallahi damin numfashi yake yi, Yaya. Ban taɓa jin kati yana bin hannuna haka ba.

Amma ba ni da 'Yar Maƙera ko ɗaya, kuma biyu nake buƙata. Ka san sai an ƙona kati ake samun tokar ƙera wani. Na ƙona duk tarkacen da zan iya, tokar ba ta kai ba. Abu ɗaya ya rage mai nauyin da zai cike: Tsohonka na zinare, wanda aka ba ka kyauta shekarar da ka ci gasar Iskandariya. Na san ba a sake yin irinsa. Na buɗe shi na rufe ya fi a ƙirga.

Ka yarda in ƙona shi? Ranar Alhamis ta sama za a kulle, kuma ina buƙatar kwanaki in saba da damin kafin nan.

Nihal

Cikin teku

Nihal,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da lafiyar Baba. Saƙonninki duka suka zubo yau da safe a tare, har da gunduwoyin na farko da suka ɓata. Na karanta a ɗakin cin abinci, mai dafa mana abinci yana leƙe ta kafaɗata. Kafin azahar duk jirgi ya ji. Yanzu in na wuce sai su cire hula su ce, "Allah ya ji ƙan kati." Wani ɗan Dumyaɗ har ya kawo mini shayi wai na zaman makoki.

Na koma wurin kyaftin. Bai yi dariya ba. Ya ce wanda zai canje ni ya riga ya kama hanya, kamfani kuma ya tambayi takardar asibiti, tun da a kan rashin lafiya na karya kwantiragi. Wace takarda zan ba su? A Mombasa zan sauka, ko ina so ko ba na so, kuma ban san ko za su sake kirana ba.

Ke ma da wane hankali za ki rubuta wa mutumin da ke tsakiyar ruwa irin wannan magana? Tsoho ba ya tsayawa, sai dai mu haƙura! Ba ki karanta abin da kika rubuta kafin ki tura?

Batun kati kuwa, ban yarda ba. Kar ki taɓa shi. Sun sha rage wa Tsoho ƙarfi a baya, mutane su yi ta kuka, bayan wata biyu a dawo da shi. Ki ƙara katin Mai Jinya biyu, ki cire masu tsada, damin zai tsaya. Na yi shekaru da shi, na san shi fiye da Mina da Basant ɗinki. Ki ci gasarki da abin da na bar miki. Ni ina nan ina shaƙar hayaƙin inji, ke kina kan kujerata, abu ɗaya da ya rage da sunana a gidanmu kuma shi kike so ki mayar toka.

Hazim

Bur Sa'id, Talata

Yaya,

Muna lafiya. Na yi baƙin cikin aikinka, kuma na karɓi nawa laifin, na rubuta magana ba tare da na duba ta ba.

Na riga na ƙona shi. Tun ranar Juma'a, kafin saƙonka ya iso. Na jira iya jirana, shiru, sai na danna. Basant ce ta riƙe mini wayar. Ba zan yi maka ƙarya in ce da amsarka ta zo da wuri da na fasa ba. Ban sani ba.

Mai Jinya biyu da ka ce, na gwada tun makon farko. Ba ya aiki. Wasan da ka bari ba shi ake yi yanzu ba.

Kujerarka kuma, Yaya, ka san abin da ke kan kujerar nan? Tun rasuwar Mama ni ce allurar safe, ni ce ta yamma, ni ce layin asibiti, ni ce mai rarrashi in ya tashi da fushi. Ka ga Kolambo, ka ga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Ni jirage nake gani suna wucewa ta mashigin ruwa daga baranda, in ɗauko tsintsiya. Wasan nan shi kaɗai ne ƙofar da nake fita ta cikinta. Yanzu ta buɗe har Alƙahira, kai kuma kana so in tsaya gadin kayan tarihinka.

Jiya na gaya wa Baba zan yi tafiya. Ya ce, "Gasar me?" Na nuna masa damin, har da 'Yar Maƙera. Ya daɗe yana kallon allon, ya ce, "Wannan yarinyar mai guduma taki ce?" Na ce tawa ce. Ya ce, "To ki sa ta gaba, kin ɓoye ta a baya kamar mara gaskiya." Inna Afaf ta yarda za ta riƙa hawowa yi masa allura. Batun saukarka ban faɗa masa ba, wannan naka ne.

Nihal

Mombasa, Laraba

Nihal,

Sallama. Na sauka lafiya, tarin ma ya tafi. Ina wani masauki kusa da tashar jiragen ruwa, wakilin kamfani ya riƙe fasfona wai sai an gama takardu. Kullum "gobe". Na kira ki sau da yawa ba ki ɗauka ba, don haka na koma rubutu.

Saƙonki na karanta shi a tsaye, na sake karanta shi a zaune. Abu ɗaya zan faɗa miki wanda ban faɗa wa kowa ba. Lokacin da kyaftin ya ce ba a janyewa, a ƙarƙashin tsoron da nake ji akwai wani sauƙi. Na gaji da ruwa, Nihal. Na daɗe da gajiya, ban dai sami bakin faɗa ba. Yanzu ga ni a tudu, kuma na rasa inda zan sa kaina. In zauna a ɗaki, in fita bakin titi, in sha shayi mai madara da ba na so, in dawo.

Nan akwai intanet, sai na buɗe sabon asusu da katunan kyauta. Yara sun yi ta wasa da ni kamar ƙwallo. Na ga karnukan, na ga 'Yar Maƙera. Kin yi gaskiya, Tsoho ba zai rayu a wannan fili ba. Har yanzu in na tuna shi sai in ji kewarsa, amma wannan ba matsalarki ba ce.

Ga abin da na lura, ki ɗauka ko ki bari. Duk wanda ya kai goma sha shida ya san za a zo da karnuka, don haka kowa zai riƙe Ambaliya. In suka sake ta, masu gadinki da 'Yar Maƙera za su tafi tare. Ki cire Ambaliya ɗaya taki, ki sa Ɓarawon Fitila, ya sace tasu daga hannu kafin su yi amfani da ita. Gobe ake kullewa, na sani. Shawara ce kawai, damin naki ne.

Ki ɗauki waya, ko zagina ne ki yi.

Yayanki,
Hazim

Alƙahira, Lahadi

Yaya Hazim,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina gidan Gwaggo Su'ad a unguwar Shubra, tana ta ɗura mini abinci. Na yi magana da Baba ɗazu, lafiya lau, ya ce Inna Afaf hannunta nauyi. Ban ɗauki wayarka ba ne don na san in na ji muryarka kuka zan yi, kuma ina buƙatar kaina a daidai.

Na zo ta huɗu. Zan tafi Amman!

Bari in ba ka labari yadda ya faru. Shawararka rabi na ɗauka. Na sa Ɓarawon Fitila, amma ban cire Ambaliya ba, mai gadi ɗaya na cire. Na tura damin ana saura kaɗan a kulle, Mina yana tsaye a kaina yana cewa, "Ki tura mana, za ki kashe ni!"

Zauren a saman wani babban kanti yake, sanyin na'ura kamar firiji, kowa da abin ji a kunne. Mu biyu ne mata a cikin 'yan gasar. Wani mai tsaron ƙofa ya tambaye ni ƙanin wa na rako. Karon farko na ci cikin sauƙi, karnuka ne, suka yi ta karo da masu gadi har 'Yar Maƙera ta girma. Ɓarawonka kuwa yana zaune a hannuna kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Sau ɗaya na sake shi, ya sato mini wani kati mara amfani. Na ambaci sunanka a zuciya, ba da alheri ba.

Karo na biyu shi ne mai raba gardama, wanda ya ci ya shiga huɗu. Wani ɗalibin likitanci ne daga Mansura, mai yawan murmushi. Ya ci ɗaya, na ci ɗaya. A na ƙarshe ya cika fili, raina saura ƙiris, hannuna babu abin kirki. Ya riga ya fara naɗe wayar abin jinsa. Na ja kati, sai ga Ambaliya ta biyu, wadda ka ce in cire. Na share shi tas, na ajiye 'Yar Maƙera a fili babu kowa, ya rasa abin da zai taɓa ta da shi. Da aka gama ya miƙe ya ce, "Wa ya gina miki wannan?" Na ce ni. Ya ce, "A'a, da gaske." Na ce ya je ya tambayi allon sakamako.

Bayan nan wani mutumin Aswan ya yi mini dukan da ban gane kansa ba, da wani dami da ban taɓa gani ba. A neman na uku ma na faɗi, kaina ya riga ya gaji. Ban damu ba. Na fito titi ina ta tafiya ban san inda na nufa ba, sai da Basant, wadda ta rako ni, ta kamo ni.

Yanzu ga maganar. Waɗanda suka haye za su zauna nan su yi atisaye tare har ranar tafiya, kuma an yarda a sake dami kafin Amman. Ina so in zauna. Inna Afaf ba za ta iya hawa bene har tsawon wannan lokaci ba, gwiwarta ta fara kumbura. In fasfonka ya fito, ka wuce gida kai tsaye. In kuma ba za ka iya ba, ka faɗa mini gaskiya, in hau jirgin ƙasa in koma.

Nihal

Bur Sa'id, Juma'a

Nihal,

Wa alaikumus salam. Na iso shekaranjiya. Lafiyata lau, Baba ma lafiya. Barka, barka, barka. Na karanta wa Mina labarin ɗan Mansura a kanti, ya ce ya riga ya ji sau uku, amma in ci gaba.

Baba ya buɗe ƙofa ya gan ni da jaka, ya dubi bayana kamar yana neman jirgin. Ban jira ba, na zaunar da shi na faɗa masa komai, tun daga saƙon da aka yanka har takardar asibitin da ba ni da ita. Na shirya wa faɗa. Ya murza gemu, ya ce, "Wato ka ji na kusa mutuwa, ka ajiye aikinka ka taho?" Na ce haka ne. Ya ce, "To. Da ma ina so in sani." Ya tashi ya shiga kicin, ya daɗe a can yana buɗe tukwane ba tare da ya ɗauki komai ba.

Kamfani bai ce uffan ba har yau. Na je ofishin masu gyaran jirage na bakin mashigi na bar sunana. Ban iya zaman gida ba tukuna, da na ji ƙarar jirgi sai in tsinci kaina a baranda. Layin asibiti na jiya kuwa, ban san haka yake ba. Na tsaya tun safe har ƙafata ta mutu, ina tunaninki.

Kar ki dawo saboda mu. Ki zauna ki yi atisayenki, ki nemi mutumin Aswan ɗin nan ki sa shi ya nuna miki daminsa, ko da za ki biya shi da girkin Gwaggo. Ɓarawon Fitila kuma ki cire shi, na yafe.

Baba yana tsaye a kaina yanzu, ya naɗe hannun riga. Ya ce in rubuta miki ki cinye su duka, sannan in ajiye wayar in zo in sake gwadawa a hankali, wai allurar da na yi masa da safe kamar da ƙusa na yi ta.

Yayanki,
Hazim